Baba Bula da Kududdufin da Ya Wanke

Idan ana maganar tsafta a unguwar nan, to a fara ajiye Baba Bula a gefe tukuna, sannan a shiga lissafa sauran mutane. Wanki da guga ne sana'arsa tun yana saurayi. Sunan kuwa 'yan yatsunsa ne suka jawo masa, don bular da yake sa wa fararen kaya ta rine su har ta zauna daram a gefen farce, ko da dutse aka goge ba ta fita. Dogo ne siriri, marar yawan dariya, wanda ko gawayi za shi saye sai ya sa farar riga mai karin guga. Matarsa, wadda yara da manya ke kira Inna, takan ce da za a bar shi da halinsa, da ƙasar tsakar gida ma sai ya sa mata sitaci.

Wurin aikinsa yana bayan gidajen unguwar, a bakin wani tsohon kududdufi da ba ya ƙafewa ko da rani ya kai rani. Akwai wani faffaɗan dutse a bakin ruwan, wanda ya gada daga ubangidansa da ya koya masa sana'a. Tsakiyar dutsen ta yi kwarmi saboda bugun kaya. Daga sama kaɗan ga rumfarsa ta langa-langa, da tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da dutsen guga mai gawayi, da igiyoyin shanya da suka bi gefen ruwa inda rana ta fi samu. A nan ya ci ƙuruciyarsa, a nan ya samo abin da ya ciyar da 'ya'yansa ya sa su makaranta, har suka girma suka watse.

Kududdufin kuwa a da cike yake da rai. Kacalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta kewaye shi sai ɗan wurin da dutsen yake. Ganyen bado ya rufe wani gefe. Ƙananan kifi na walƙiya a gindin ciyawa, mazari na shawagi, kwaɗi na kaɗe-kaɗensu da damina, balbelu kuma na sauka safe da yamma su yi kiwo. Kwatar unguwa ma nan take gangarowa, ta kutsa cikin kacalla ta ɓace. Duk da haka ruwan da Baba Bula ke ɗiba a bakin dutsensa garau yake, kana ganin yatsun ƙafarka.

To amma shi bai taɓa ganin wannan a matsayin arziki ba. Shi dai ƙazanta yake gani. Idan kacalla ta nuna, audugarta ta riƙa tashi tana manne wa baƙaƙen kaya, sai ya bi su ɗaya-ɗaya yana tsincewa yana tsaki. Balbelu kuwa, tsakaninsa da su sai dai Allah ya isa. Ka wanke riga ta yi fari fat, ka ɗauraye, ka sa bula, ka shanya, sai wata 'yar banzar tsuntsuwa ta gifta ta sa mata hannu. Yana da tarin tsakuwa a ƙarƙashin tebur musamman dominsu. Bai taɓa samun ko ɗaya ba, amma bai taɓa fasa jifa ba.

Wata shekara rani ya yi tsanani, ruwa ya ja baya fiye da yadda ya saba, saiwar kacalla ta fito fili. Baba Bula ya dube ta ya ce yau ga ranar da nake jira. Kullum idan ya gama wanki sai ya ɗauki adda da diga. Ya sare, ya tone saiwa, ya tara ya cinna wuta. Ya sa manjagara ya janye badon kakaf. Bai tsaya nan ba, sai da ya bi gefen ruwan ya jera fasassun bulo tsaf, har kududdufin ya koma kamar wani ƙaton baho. Masu wucewa suna ta sa masa albarka, wai ya yi aikin lada. Ba a daɗe ba balbelu suka daina zuwa. A wannan shekarar ko ɗigo bai taɓa kayansa ba, kuma har Inna ta shaida ta ji shi yana 'yar waƙa a kan guga.

Daɗin bai kai shekara ta zagayo ba. Da farko ruwan ya ɗan yi kore-kore, ya ce zafi ne. Sannan gansakuka ta rufe shi, mai kauri, idan ka tsoma bokiti sai ka ture ta da hannu. Wata safiya ya iso ya tarar da kifaye sun taso sama, fararen cikinsu na kallon rana. Daga nan sai wari, irin wanda ke bin kaya ya ƙi fita ko an goge su. Bayan wari sai sauro. Unguwar ta san sauro tun fil azal, amma ba irin wannan ba. Tun la'asar sakaliya ake rufe tagogi, yara kuma suka shiga kwanciya da zazzaɓi gida-gida.

Cikin waɗanda abin ya fi taɓawa akwai Mai Tifa. Shi ne shugaban ƙungiyar unguwa, mutum mai jiki da saurin magana, yana da motar ɗibar yashi. Tun yana ɗan makaranta Baba Bula ke wanke masa kaya, kuma har yau fararen rigunansa ba mai taɓa su sai shi. 'Yarsa ƙarama ta kwanta asibiti da zazzaɓin, sai da aka fara fid da rai, sannan Allah ya tashi kafaɗunta. Ta dawo gida kamar tsinke. Ba a jima ba ya zo rumfa da kansa, ya gaida Baba Bula, ya tsaya yana murza makullin mota.

"Baba, ba don na raina ka ba, amma mun zauna mun yanke. Kududdufin nan za a cike shi. Akwai tsohon sito da za a rushe bayan damina, ni zan kwaso ɓaraguzan. Mu binne shi kowa ya huta."

Baba Bula ya ajiye dutsen guga a kan mazauninsa. "Ni kuma fa, ɗana?"

"Wallahi na yi tunaninka, Baba. Amma na ga yarinyata da ƙarin ruwa a hannu. Ba zan so maƙiyina ma ya ga haka ba."

 Bayan tafiyar Mai Tifa, Baba Bula ya daɗe yana kallon ruwan, kuma tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Famfon unguwa sai ya ga dama yake kawo ruwa. Idan babu kududdufi babu wanki, idan babu wanki kuwa bai san ko shi wane ne ba. Ya ji haushi kuma, don a ganinsa babu wanda ya kula da ruwan nan kamarsa, ga shi ruwan ya saka masa da wari.

Autarsa malamar kimiyya ce a wata sakandare can ɗaya gefen garin, takan leƙo su a ƙarshen mako. Da Inna ta ba ta labari, sai ta ce a je ta gani. Ta zagaya kududdufin a hankali, gefen mayafi a hanci, ta tsaya inda kwata ke zubowa, ta tsaya inda kumfar sabulunsa ke gangarawa daga dutse.

"Baba, ina kacallar da ke nan?"

"Na share ta. Ke ma kin ga yadda wurin ya yi fes."

"Badon fa?"

"Shi ma."

Auta ta sassauta murya, kamar yadda ɗa ke yi idan zai gaya wa uba magana marar daɗi. "Baba, kai ne kake cewa ruwa ba ya tsami banza. Duk abin da ke fitowa daga kwatar nan, da sabulun da kake zubarwa, taki ne. Da kacalla ce ke shanye shi kafin ya kai tsakiya, ita ce matacin ruwan. Da ka cire ta, takin bai fasa zuwa ba, sai dai ya sami wani mai ci, gansakuka ke nan. Ta ci ta ƙoshi ta rufe ruwa, ta hana rana shiga. Idan ta mutu ta ruɓe, ruɓewar ta shanye iskar da ke cikin ruwa, kifi ya rasa numfashi."

"Kifi da numfashi a cikin ruwa," in ji Baba Bula, yana kallon gefe. "Wato karatun da na biya miki ke nan, ki zo ki ce tsafta ce ta ɓata ruwa."

Ba ta ja da shi ba, ta san ubanta. Mako na zagayowa ta dawo da kwalabe biyu masu faɗin baki. Ta ɗebi ruwan kududdufi a kowacce, ga 'ya'yan sauro nan birjik suna wutsil-wutsil. Sannan ta kwance wata leda mai ruwa da ta zo da ita daga rafin gindin gada, bayan gari. Ta zuba wa kwalba ɗaya wani ɗan kifi da bai kai ɗan yatsa ba, da wani mummunan ƙwaro mai launin laka. Ta ce ƙwaron ɗan mazari ne, a ruwa yake girma kafin ya yi fiffike. Ta ajiye kwalaben a kan teburin guga ta tafi wajen uwarta.

Ya yi niyyar ko kallo ba za su ishe shi ba. Ya goge wando ɗaya, ya saci kallo. Ya goge riga, ya sake. Can sai ga shi ya jawo benci ya zauna, garwashi na mutuwa a cikin dutsen guga. Ɗan kifin yana bin 'ya'yan sauro yana tsince su kamar kaza ta sami tsaba. Ƙwaron kuwa ya lafe a ƙasa kamar ba shi da rai, sai wani ya gifta ya cafke. Kafin Auta ta dawo da rana kwalba ɗaya ta yi wayam, ɗayar kuwa tana nan tana wutsil-wutsil.

"Waɗannan a ina suke kwana?" ya tambaye ta, bai ɗago ba.

"A gindin kacalla. Nan suke ɓuya, nan suke ƙwai. Kifi ya ci ɗan sauro, kwaɗo da mazari su ci wanda ya tashi, balbela ta ci kifi da kwaɗo don kada su yi yawa, kashinta ya koma taki ga ciyawa. Kowa na cin wani, kowa na riƙe da wani. Ba ƙazanta ka share ba, Baba. Ma'aikata ne ka sallama rana ɗaya."

Baba Bula ya dubi hannuwansa masu shuɗin farce. Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, don ya san gaskiya ce. "Garin gyaran gira," ya ce, bai ƙarasa ba. Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Za su dawo idan an kira su?"

"Idan an gina musu gida, wataƙila. Amma ba aikin mako ba ne. Kuma sabulunka ba zai ƙara shiga ruwan nan ba."

Da yamma ya sami Mai Tifa a garejinsa. Bai roƙe shi ya fasa ba. Ya ce, "Ka kawo tifarka ranar da ka ce. Abu ɗaya nake nema, kafin ka juye ka sauko ka duba da idonka." Mai Tifa ya ce wannan ai ba wani abu ba ne, a ransa kuwa tausayin tsohon yake ji.

Washegari unguwa ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: Baba Bula da baro da shebur, ya nufi gindin gada. Ya shiga laka har gwiwa yana tono kacalla da saiwarta. Auta ta ce kada ya kuskura ya wanke saiwar, lakar ita ce maganin, a cikinta ƙwai da ƙananan halittu suke. Wannan ya fi komai yi masa wuya. Hannunsa har ƙaiƙayi yake ya ɗauraye ta, ya daure. Ya turo baron ta tsakiyar unguwa, baƙin ruwa na ɗiga, farar rigarsa ta koma kalar ƙasa. Mai shayin bakin titi ya leƙo ya ce, "Baba Bula, bara ka cire, bana ka dasa. Baɗi kuma fa?"

"Baɗi ka zo ka gani," in ji shi, bai tsaya ba.

A ƙofar gida Inna ta tare shi, ta dube shi sama da ƙasa, ta riƙe haɓa. Shekara da shekaru yana hana ta shiga ɗaki da ƙafa mai ƙura, yau Allah ya kawo ranarta. "Malam, dakata daga nan. Cire takalman, kada ka ɓata mini tsakar gida." Ya cire. Ta kawo masa ruwan zafi a baho da wata tsohuwar riga, tana dariya ƙasa-ƙasa, amma da ta ga yadda tafin hannunsa ya ɗuri ruwa sai dariyar ta tsaya, ta ɗauko man zafi.

Ya kwashe bulon da ya jera da hannunsa, ya dasa kacalla a gefe-gefe, ya fi cika ta a bakin kwata. Sannan ya yi abin da ya fi tono laka ciwo, ya bar dutsen ubangidansa. Ya koma can sama gindin wata bishiya, ya kafa katakon wanki, ya haƙa rami a gefe ya cika da tsakuwa da ragowar gawayi, ya dasa ciyawa kewaye, ruwan sabulu ya riƙa nutsewa a nan. Ruwan wanki kuwa sai ya ɗauko a jarka ya hau da shi. Aikin da yake gamawa kafin rana ta take yanzu yana kai shi la'asar, bayansa kuma ya fara yi masa magana. Kowace safiya kafin ya taɓa kayan kowa sai ya ɗaura tsohon gidan sauro a bakin manjagara ya yaye gansakuka, ya loda a baro ya kai wa wani mai lambu, wanda ya ce taki ne mai kyau.

Awakin unguwa suka gano sabon tsiro, suka mai da wurin gidan biki. Ya kore su, suka dawo. Ya shiga rumfa ya jawo buhun kayan da masu su suka kawo wanki tun shekaru ba su dawo karɓa ba, ya kakkafa sanduna ya ɗaɗɗaura su. Sai ga kududdufi kewaye da wanduna da riguna da zannuwa suna kaɗawa a iska. Wani ya zo wucewa ya gane wandonsa da ya manta tun kafin ya yi aure, ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri.

Gaggawa ce ta kusa kashe masa aiki. Da damina ta sauka, ruwa ya ɗan sake, Auta ta kawo ƙananan kifi a bokiti suka zuba. Baba Bula ya dube su ya raina. A lissafinsa, idan ɗan mitsitsin kifi na cin sauro haka, to babba fa? Bai gaya wa kowa ba ya je wajen mai kiwon kifi ya samo tarwaɗa manya-manya ya saka. Kwana kaɗan ya nemi ƙananan kifin ya rasa. Da Auta ta ji, sai ta dafe kai.

"Baba, ka kawo kura ka ba ta ajiyar awaki. Tarwaɗa ba ta san sauro ba idan ga kifi. Daga ƙasa ake ginawa, ciyawa, sai ƙwari, sai ƙananan kifi. Manya su za su kawo kansu idan tukunya ta nuna."

Bai yi musu ba wannan karon. Wanda ya ɗaure kura ai shi ya san yadda zai kwance ta. Ya ari ƙugiya ya zauna a kan tsohon dutsensa yamma bayan yamma yana fid da su ɗaya-ɗaya. Gidansu aka yi ta cin kifi har Inna ta ce ita kam ta yafe. Da ya tabbata ya kwashe su, ya sake tura baro gindin gada, ya sake ɗebo ƙanana, aka koma farko. Lokaci kuwa bai koma ba, damina ta riga ta raba.

Sannu a hankali kacalla ta kama, ta yi kore shar, ta kai ƙugu. Warin ya ragu har mutum na iya tsayawa ya yi hira a wurin. Wata rana yana shanya sai ga mazari ja ya sauka a kan igiya, ya tsaya yana karkaɗa fiffike. Baba Bula ya tsaya cak da jiƙaƙƙen zane a hannu har ya tashi. Wata magariba kuma Inna na kwashe kwanuka ta ce, "Malam, saurara." Daga bayan gidaje kwaɗo ɗaya ne ke kuka, shi kaɗai, da wata murya kamar tsohuwar ƙofa. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin waƙa mai daɗin wannan ba, ta ce to lallai tsufa ya zo.

Amma tsakiyar ruwan har yanzu da sauran kore, sauro bai ƙare ba, balbelu kuma shiru. Auta ta ce su ne shaidar ƙarshe, don tsuntsu ba ya sauka inda babu abinci. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jifansu, yanzu shi ne ke ɗaga kai sama safe da yamma har wuyansa ya ƙage. Ruwan sama ya ɗauke. Aka fara rushe siton, ana jin ƙarar daga unguwa. Bai fasa yaye gansakuka ba ko rana ɗaya.

Ranar da tifa ta zo, da hantsi ne. Ya gama ɗauraye farar rigar Mai Tifa, wadda ya fi ji da ita, ya sa mata bula daidai, ya shanya a igiyar gefen ruwa. Sai ya ji rugugi. Motar ta shigo da baya-baya ta lungun, cike da ɓaraguzai, direba na leƙe, Mai Tifa na tafe a ƙasa yana ba shi hannu. Mutane suka firfito. Baba Bula ya goge hannu ya nufo su.

Direban ya taka birki, motar ta yi wata ƙara mai tsawo. Sai kacallar can ƙetare ta motsa. Balbelu ne, farare tas, sun fi a ƙirga da hannu ɗaya, ashe tun safe suna ciki suna kiwo ba wanda ya gan su. Suka tashi gaba ɗaya, suka yi kwana a kan ruwa, suka bi ta kan igiyar shanya. Ta ƙarshensu ta saki abin da ta saki, ya sauka a ƙirjin farar rigar, ya gangaro har aljihu.

Mutane suka zuba ido, don kowa ya san Baba Bula da balbela. Ya taka a hankali ya cire rigar daga igiya. Tun da ya fara sana'a bai taɓa miƙa wa mai kaya riga da tabo ba. Ya ninke ta yadda tabon zai zauna a sama, ya riƙo ta da hannu biyu ya kawo wa Mai Tifa.

"Ga shaidata, ɗana."

Mai Tifa ya dubi rigarsa, ya ɓata rai, ya dubi tsuntsayen da suka sake sauka can nesa. "Baba, kashin tsuntsu ne shaida?"

"Wanda ya yi kashi ai ya ci ne. Zo ka ga abin da ya ci."

Ya ɗauko farin kwano, ya ja Mai Tifa har bakin tsohon dutsen, ya kamfato ruwa daga gindin kacalla. Ruwan ba garau ba ne kamar da, amma ana ganin gindin kwano. Ƙananan kifi biyu na zagaye a ciki. Mai Tifa ya tsuguna da ƙyar, ya kawo fuska kusa, yana neman masu wutsil-wutsil ɗin nan da ya sani. Ya karɓi kwanon ya zubar, ya matsa gaba ya ɗebo da kansa. Ya sake matsawa ya ɗebo. A na ƙarshe ya sami guda ɗaya, yana cikin nuna shi da yatsa wani ɗan kifi ya haɗiye.

"Sauro bai ƙare a gidana ba, Baba," in ji shi, murya ƙasa.

"Bai ƙare ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce zai ƙare ƙaf ba. Amma yanzu yana da masu cin sa. Idan ka binne nan, su za ka binne. Shi ko a gwangwani ya sami ruwa zai haihu."

Mai Tifa ya daɗe a tsugune. Kowa ya san 'yarsa yake tunani, Baba Bula ma ya sani. Direba ya gaji ya leƙo ya ce, "Maigida, in juye?"

Mai Tifa ya miƙe yana dafa gwiwa. "Kai su ramin nan na bakin titi da ruwa ke kwanciya, ka juye a can." Ya juyo. "Damina ɗaya na ƙara maka, Baba. Idan ruwan nan ya sake wari, ko kai ka kwanta a gaban mota sai na cike shi."

"Na yarda."

"Kuma don Allah a wanke mini rigata."

Motar ta fita, mutane suka watse suna mai da zance. Baba Bula ya cika jarka ya hau da ita gindin bishiya, yana tsayawa a hanya yana dafe baya. Ya wanke tabon, ya ɗauraye, ya sake sa bula. Inna ta iso da abincinsa, ta ga idonsa ya yi ja, ta ce hala sabulu ne ya shiga. Ya ce sabulu ne.

Ya sauko zai shanya, sai ga inuwa ta gifta a ƙasa. Balbelun ne suka sake tasowa. Kafin ya ankara hannunsa ya kai ƙarƙashin tebur ya damƙo tsakuwa, yadda ya saba tun yana saurayi. Ya tsaya yana kallon ta a tafinsa. Sannan ya kwashe tarin gaba ɗaya a gaban riga, ya kai ramin sabulu ya zuba. Ya dawo ya kwance igiyar shanya daga gefen ruwa, ya naɗe ta a hannu, ya hau da ita can bayan rumfa, inda rana ba ta cika samu ba kuma kaya ke daɗewa ba su bushe ba, ya ɗaura ta a can.